Me ake yi idan asusun aiki ko na makaranta ya kulle?

A watan Satumban shekarar 2021 ne aka katse layukan wayar salula a ƙananan hukumomi 13 na jihar Katsina, cikinsu har da Dutsin-Ma da Kurfi, a wani mataki da gwamnatin Aminu Bello Masari ta ce ta ɗauka domin daƙile 'yan bindiga.

Sai a watan Disambar shekarar ne aka ba da umarnin maido da sabis a sauran yankunan da abin ya shafa.

Abin da aka fi kokawa da shi a lokacin shi ne rashin jin muryar 'yan uwa, da kuma tsayawar harkokin kasuwanci.

To amma matakin ya fito da wata matsalar da ba a cika lura da ita ba. Duk wanda asusunsa na imel, ko na banki, ko na makaranta ke buƙatar lambar da ake turowa ta saƙon tes, ba shi da hanyar samun lambar muddin yana cikin yankin, ko da kuwa ya sami intanet ta wata kafar daban.

A gari irin Dutsin-Ma, inda Jami'ar Tarayya da aka kafa a 2011 take, da kuma Kwalejin Ilmi ta Isa Kaita, wannan ba ƙaramin al'amari ba ne, domin rajistar ɗalibai, da biyan kuɗin makaranta, da duba sakamako duk sun koma ta intanet a manyan makarantun Najeriya.

Ga bayani a kan yadda wannan tsari yake, da abin da ke sa mutum ya kasa shiga asusunsa, da kuma hanyoyin da ake bi a buɗe.

Mece ce tantancewa mai matakai biyu?

Tsari ne da ke hana mutum shiga asusu da kalmar sirri kaɗai, sai ya kawo shaida ta biyu cewa shi ne mai asusun.

Masana tsaron kwamfuta sun kasa shaidun gida uku: abin da mutum ya sani, kamar kalmar sirri, abin da ya mallaka, kamar wayarsa, da kuma abin da ke jikinsa, kamar zanen yatsa ko fuska.

Mai cirar kuɗi a na'urar ATM ya riga ya saba da tsarin, tun da kati kaɗai ba ya fitar da kuɗi, lambar sirri kaɗai ma haka, sai an haɗa su biyun.

A intanet, shaida ta biyun takan zo ne ta hanyoyi uku.

Ta farko ita ce lambar da ake turowa ta saƙon tes, wadda ita ce aka fi sani a Najeriya.

Ta biyu ita ce manhajar da ake saukewa a waya, irin su Google Authenticator da Microsoft Authenticator, wadda ke fitar da lamba mai alƙaluma shida da ke sauyawa duk bayan daƙiƙa 30.

Ta uku kuma ita ce saƙon neman izini da ke bayyana a fuskar wayar, sai mai ita ya amince ko ya ƙi.

Kamfanin Google ya fara samar da tsarin ga ma'aikatu da makarantu a 2010, sannan ya buɗe shi ga kowa da kowa a 2011. WhatsApp kuma ya kawo nasa a 2017.

Me ya sa ma'aikatu da makarantu ke tilasta shi?

Saboda kalmar sirri ba ta da wuyar sacewa.

Mutane da dama suna amfani da kalma guda a wurare da yawa, wasu kuma sukan sa shekarar haihuwarsu, ko lambar wayarsu, ko sunan ɗansu. Akwai kuma ɗaliban da kan bar wa mai shagon intanet ya zaɓa musu kalmar sirrin, ya kuma rubuta ta a littafinsa.

A 2019 kamfanin Microsoft ya ce tantancewa mai matakai biyu tana toshe fiye da kashi 99 cikin 100 na yunƙurin kutsen da ake yi wa asusun jama'a.

Ga ma'aikata ko makaranta, asusun mutum guda ƙofa ce ta shiga gidan baki ɗaya. Wanda ya sami asusun jami'in jarrabawa zai iya kaiwa ga makin ɗalibai, wanda ya sami na akanta kuma zai iya kaiwa ga takardun albashi.

Sai dai kuma tsarin bai san fuskar kowa ba. Yadda yake hana ɓarawo shiga, haka yake hana mai asusun idan shaidarsa ta biyu ta kuɓuce masa.

Ta yaya mutum ke kulle kansa a waje?

Sata ko ɓatan waya shi ne sanadin da ya fi yawa, amma ba shi kaɗai ba ne.

Akwai toshe layi. A watan Disambar 2020 gwamnatin tarayya ta umarci a haɗa kowane layin waya da lambar shaidar zama ɗan ƙasa ta NIN. A watan Afrilun 2022 aka hana layuka fiye da miliyan 70 da ba a haɗa ba yin kira, sannan Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC, ta sa ranar 14 ga watan Satumbar 2024 a matsayin wa'adin ƙarshe.

Layin da aka rufe baki ɗaya ba ya karɓar saƙo, don haka duk asusun da ke rataye da shi ya tsaya.

Akwai kuma mutuwar layi. A ƙa'idar hukumar ta NCC, layin da ya yi wata shida ba a yi amfani da shi ba ana dakatar da shi, idan kuma ya ƙara wasu watanni shidan, kamfani na iya sayar da lambar ga wani.

Wannan ya fi kowanne haɗari, domin daga ranar saƙonnin tantancewar tsohon mai layin za su riƙa shiga wayar baƙo.

Sauya waya ma yana jawo matsalar. Mutane da dama suna zaton da zarar sun mayar da layinsu cikin sabuwar waya shi ke nan, alhali lambobin manhajar tantancewa ba a cikin layi suke ba, a cikin tsohuwar wayar suke. Wanda ya sayar da wayar, ko ya bai wa mai gyara ya wanke ta, ya goge makullinsa da hannunsa.

Wani sanadin kuma ɗan ƙarami ne: agogon waya. Manhajar tana lissafa lambar ne da lokaci, saboda haka idan agogon wayar ya yi gaba ko baya da 'yan mintoci, duk lambar da ta bayar za a ƙi karɓarta. Gyaran shi ne a saita wayar ta riƙa ɗaukar lokaci da kanta.

Mene ne bambancin asusun aiki da na ƙashin kai?

A nan ne mutane da yawa ke ɓata lokaci.

Asusun da mutum ya buɗe da kansa, kamar na Gmail ko Outlook, tsakaninsa ne da kamfanin. Idan ya kulle, akwai fom da zai cike a shafin kamfanin, ya amsa tambayoyi, ya jira.

Jiran kan ɗauki lokaci. Google ya ce tantance mai asusun da ke da matakai biyu na iya ɗaukar ranakun aiki uku zuwa biyar. A wajen Microsoft kuwa, wanda ya sauya dukkan bayanan tsaronsa sai ya jira kwana 30 kafin sababbin su fara aiki.

Asusun aiki ko na makaranta, wanda adireshinsa ke ƙarewa da sunan ma'aikatar ko jami'ar, ba haka yake ba.

Ko da a kan na'urorin Google ko Microsoft yake zaune, mallakar ma'aikatar ne, kuma jami'in da ta naɗa ya kula da tsarin shi ne ke riƙe da makullin. Ma'aikaci ko ɗalibin da ya tuntuɓi kamfanin kai tsaye, can za a sake mayar da shi.

Ke nan ofishin da za a nufa shi ne sashen kwamfuta na makarantar ko na wurin aikin.

Waɗanne matakai ake bi tun farko?

Kafin a tafi ofis, akwai abubuwan da ya kamata a gwada.

A shafin shiga, ƙarƙashin wurin da ake rubuta lambar, galibi akwai zaɓin gwada wata hanya. Idan an taɓa sa lambar waya ta biyu, ko wani adireshin imel, a nan za su bayyana.

Sai a duba ko akwai wata na'urar da asusun ke buɗe a kanta har yanzu, kamar kwamfutar ofis ko tsohuwar waya. Idan akwai, kada a fita daga asusun, kada kuma a goge tarihin manhajar shiga intanet, domin ta nan ana iya ƙara sabuwar lambar waya.

Haka kuma bai kamata a yi ta gwada lambobi barkatai ba. Tsarin kan ɗauki hakan a matsayin yunƙurin kutse, ya rufe asusun na wani lokaci.

Idan sace wayar aka yi, matakin farko shi ne a sa kamfanin waya ya toshe layin, a sanar da banki, sannan a sanar da sashen kwamfuta a ranar, domin su raba wayar da asusun kafin ɓarawon ya farga da abin da ke hannunsa.

Me jami'in kwamfuta zai iya yi?

Da zarar ya gamsu cewa mai asusun ne a gabansa, aikin ba ya ɗaukar lokaci mai tsawo.

A tsarin Microsoft, yana iya soke tsohuwar rajistar, ta yadda idan mutumin ya zo shiga za a nemi ya yi rajistar sabuwar waya. Yana kuma iya ba shi lambar shiga ta wucin gadi, wadda ke mutuwa bayan ƙayyadadden lokaci.

A tsarin Google kuwa, jami'in na iya fitar masa da lambobin ko-ta-kwana, ya shiga da ɗaya, sannan ya gyara bayanansa.

Abin da ake buƙatar mutum ya je da shi ya danganta da wurin, amma galibi bai wuce katin shaidar ɗalibi ko na ma'aikaci, da lambar rajista, da takardar NIN ba. Wasu wuraren kan nemi wasiƙa daga shugaban sashe.

Jami'in kirki ba ya tambayar kalmar sirrin mutum, domin ba ya buƙatar ta kafin ya yi aikinsa.

Yaya ake dawo da layin da ya ɓata?

Wannan shi ne abin da aka fi sani da yi wa layi walkam-bak, wato a bai wa mutum sabon sim mai ɗauke da tsohuwar lambarsa.

Ana yi ne a ofishin kamfanin waya ko wajen wakilin da kamfanin ya amince da shi. Akan nemi lambar NIN, a ɗauki hoton fuska ko zanen yatsa a gwada da wanda ke rumbun Hukumar NIMC, sannan a tambayi lambobin da mutum ya fi kira da kuma kuɗin da ya sa na ƙarshe.

Wanda ba shi da kwalin da layin ya zo a ciki, akan nemi ya kawo takardar rantsuwa daga kotu.

Inda gizo ke saƙar shi ne sunan da ke kan layin. Kamfani ba ya kallon wanda ke riƙe da waya, wanda aka yi rajista da sunansa yake kallo.

Akwai mata da dama da ke amfani da layukan da ke ɗauke da sunan mazajensu, da ɗaliban da ke amfani da na iyayensu ko yayyensu, tun da ƙa'idar NCC ba ta yarda wanda bai kai shekara 18 ba ya yi rajistar layi. A irin wannan hali, mai sunan ne zai je da kansa.

Idan kuma layi ne da aka saya a bakin titi da rajistar wani da ba a sani ba, dawo da shi abu ne mai wuyar gaske.

Me ya sa lamarin ya fi shafar masu neman shiga jami'a?

Saboda hukumar JAMB ta ɗaura komai a kan lambar waya guda.

Tun daga 2021, ɗalibi kan fara rajista ne da tura lambar NIN ta saƙon tes zuwa 55019 ko 66019, sai a turo masa lambar shaida mai alƙaluma goma. Lambar wayar da ya yi amfani da ita ta zama tasa a wajen hukumar, kuma ɗalibai biyu ba sa yin tarayya a lamba guda.

Da wannan layin ne yake duba sakamakonsa, da shi ne kuma yake neman a sake turo masa lambar shaidar ko a sauya masa kalmar sirri.

Buƙatar shiga shafin na JAMB ba ta ƙarewa da jarrabawa. A can ne ɗalibi ke karɓar gurbin da aka ba shi ta tsarin CAPS da aka fara a 2017, a can yake fitar da takardar shaidar samun gurbin, wadda zai sake buƙata idan lokacin yi wa ƙasa hidima ya zo.

Asusun ba ɗalibai rance na NELFUND, wanda ya buɗe shafinsa a watan Mayun 2024, shi ma yana neman lambar JAMB da NIN da BVN.

Saboda haka yaron da ya ari layin wani a Kurfi ya yi rajista yana ɗan shekara 17, yana iya samun kansa yana neman mai layin bayan shekara biyar. Wanda layinsa ya salwanta, ofishin JAMB na jiha ne wurin da zai kai kokensa.

Me ya sa ake tsaurara bincike haka?

Domin hanyar da mai gaskiya ke bi ya dawo da asusunsa, ita ce ɓarawo ke bi ya ƙwace shi.

A watan Satumbar 2023, masu kutse sun shiga na'urorin kamfanin otel-otel na MGM da ke Amurka. Rahotanni sun ce sun kira sashen kwamfutar kamfanin ne suka yi shigar burtu da sunan wani ma'aikaci. Kamfanin ya ce lamarin ya jawo masa asarar kimanin dala miliyan 100.

Shekara guda kafin nan, an shiga na'urorin kamfanin Uber bayan da aka yi ta aika wa wani ma'aikacin kwantiragi saƙonnin neman izini, har ya amince da ɗaya daga ciki.

Domin toshe irin wannan dabara, tun daga watan Mayun 2023 manhajar Microsoft ke neman mutum ya rubuta lambar da ya gani a shafin shiga, maimakon ya danna amincewa kawai.

A 2019 kuma an ƙwace shafin Twitter na shugaban kamfanin na lokacin, Jack Dorsey, ta hanyar karkatar da layin wayarsa zuwa wani sim.

Don haka jami'in da ya ƙi buɗe wa mutum asusu ta waya, ya ce sai ya zo da kansa da katinsa, aikinsa yake yi.

Yaya ake gane 'yan damfara?

Sukan kira ne da sunan banki, ko makaranta, ko wata ƙungiyar da mutum ke ciki a WhatsApp, su ce an turo masa wata lamba, ya karanto musu domin a kammala masa rajista ko a sa shi a wani taro.

Wannan lambar ita ce makullin. Da zarar ya karanta, sun shiga, kuma abin da suke fara yi shi ne sauya bayanan tsaro, sannan su shiga roƙon kuɗi a wajen 'yan uwa da abokan arziki da sunansa.

Babu banki ko makarantar da ke neman a karanto mata lambar tantancewa ta waya.

Haka nan wanda ya ga saƙon neman izini alhali ba shi ne ke ƙoƙarin shiga ba, ya ƙi amincewa, sannan ya sauya kalmar sirrinsa nan take, domin alama ce cewa wani ya riga ya san ta.

Akwai kuma masu tallar cewa suna buɗe asusun da ya kulle idan aka biya su. Ba su da wata hanya da ta wuce wadda aka bayyana a sama, kuma duk bayanan da aka ba su sun zama makami a hannunsu.

Wane riga-kafi ne ya fi dacewa?

Hausawa na cewa tun ran gini ran zane. Hanyar dawowa ana shimfiɗa ta ne a ranar da aka kunna tsarin, lokacin da wayar ke hannu.

Abu na farko shi ne lambobin ko-ta-kwana. Google yana bayar da guda goma, kowace mai alƙaluma takwas, kuma sau ɗaya ake amfani da kowace. Microsoft kuma yana bai wa masu asusun ƙashin kai lamba guda mai haruffa 25. A takarda ya kamata a rubuta su, a ajiye tare da takardun makaranta ko na gida, domin hoton da aka ɗauka aka bari a cikin waya, tare da wayar zai tafi.

Na biyu shi ne a yi rajistar hanya fiye da ɗaya: manhaja, da layin waya, da kuma wani layin na kamfani daban idan da hali.

Ga mazauna yankunan da sabis ke yawan ɗaukewa, manhajar ta fi saƙon tes amfani, domin ba ta buƙatar sabis ko data kafin ta fitar da lamba. Wanda ke da ita a lokacin katsewar 2021, intanet kawai yake buƙata ya samu a wani wuri, ba sai layinsa ya dawo ba.

Tun daga watan Afrilun 2023 manhajar Google Authenticator ke iya adana lambobin a asusun Google na mutum, ta yadda za su biyo shi zuwa sabuwar waya. Ita kuwa ta Microsoft, ko an dawo da ajiyarta, asusun aiki da na makaranta sai an sake tantance su.

Na uku shi ne kula da layin. A tabbata sunan mai shi ne a kai, an haɗa shi da NIN, ana kuma sa masa kuɗi lokaci zuwa lokaci. Sa wa sim lambar sirri yana hana ɓarawo cire shi ya sa a wata wayar ya riƙa karɓar saƙonni.

Mai shirin sauya waya kuma, ya kammala mayar da komai kan sabuwar, ya gwada ya ga ya shiga, kafin ya rabu da tsohuwar.

Ina aka dosa?

Manyan kamfanonin fasaha suna ƙoƙarin rage dogaro da kalmar sirri da saƙon tes. A 2022 Apple da Google da Microsoft suka ba da sanarwar goyon bayan wani sabon tsari, inda wayar ce ke riƙe da makullin, mai ita kuma ya buɗe da yatsa ko fuska.

Tsarin ya fi wuyar damfara, tun da babu lambar da za a karanto wa wani. Amma bai kawar da tambayar abin da zai faru idan wayar ta ɓata ba, kuma yana buƙatar babbar waya, alhali jama'a da yawa a karkara ƙananan wayoyi suke riƙewa.

Wannan ya sa nauyin bai tsaya a kan ɗalibi ko ma'aikaci kaɗai ba. Makaranta ko ma'aikatar da ta tilasta tsarin, wajibinta ne ta bayyana ofishin da za a je, da takardun da za a kawo, ta kuma tanadi jami'i fiye da ɗaya da ke da ikon buɗewa, musamman a makonnin rajista da jarrabawa, lokacin da kulle asusu na kwana uku ke iya sa ɗalibi ya rasa zangon karatu guda.